Hancin Lantarki a Dutsi: A Kawo Shi ko A Dakata?

Duk gidan da ka shiga a Dutsi ko Shargalle a Jihar Katsina idan damina ta kankama, za a nuna maka wanda sauro ya sa wa ido. Wa da ƙani su kwana a tabarma ɗaya a tsakar gida, gari ya waye ɗaya jikinsa duk ya yi rudu-rudu, ɗayan kuwa ko susa bai yi ba. A wajenmu bayanin gajere ne: jininsa ne mai zaƙi. Masu binciken da suka bi diddigin lamarin sun iske cewa sauro yana zaɓen mutum tun kafin ya ɗanɗani jininsa. Numfashi ne ke kiransa daga nesa, idan ya matso kuma warin fata ya yi masa jagora. Shi kuwa warin nan, kaso mai yawa daga cikinsa aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a fatar kowane ɗan Adam tun daga ranar da aka haife shi.

Gumi idan ya fito sabo kusan ba shi da wari. Bakteriyar da ke kan fata ce ke cin gumin da maiƙon jiki, sannan ta saki iska iri-iri wadda hancinmu ke ji. Masana a Jami'ar York ta Ingila sun nuna cewa wata mai suna Staphylococcus hominis tana cikin manyan masu haddasa warin hammata. A 1996 wani masani ɗan ƙasar Holan, Bart Knols, ya gano cewa sauron maleriya yana rububin wani cukun Turai da ake kira Limburger, domin dangin bakteriyar da ke nunar da cukun su ne ke zaune a ƙafar mutum. A 2011 kuma aka gwada maza 48 a Jami'ar Wageningen, aka ga cewa wanda bakteriyar ƙafarsa ta yi yawa amma nau'o'inta kaɗan ne, shi sauro ya fi bi. Wanda nasa suka kasance iri daban-daban, sauro ya fi raga masa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne binciken da ya fito daga Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin a 2022. Sun nuna cewa ƙwayar zazzaɓin dengi tana raunana garkuwar fata, har wasu bakteriya su samu sarari su yaɗu, su riƙa fitar da wani sinadari mai kiran sauro. Sauron ya zo ya kwashi cutar ya kai wa na gaba.

Tunda da iska waɗannan halittu suke tona asirin kansu, sai tunani ya zo wa masana: me zai hana a ƙera na'urar da za ta riƙa shinshinar fata, ta faɗi halin da ake ciki ba huda ba tsaga? Tunanin ya daɗe. Tun a 1982 Krishna Persaud da George Dodd suka bayyana samfurin hancin lantarki a Jami'ar Warwick. Yadda mafi yawan irinsa ke aiki shi ne, akwai 'yan ƙananan ma'aunai, wasu irin waɗanda ake sa wa don gano yoyon gas ɗin girki. Idan iska ta taɓa ma'auni, sai yadda lantarki ke ratsa shi ya sauya. A jera da yawa, kowanne da iskar da ya fi ji, sai kwamfuta ta koyi fasalin sauyin, ta ce wannan fasali na lafiyayyar fata ne, wancan na wadda ta kamu. A watan Afrilun 2025 mujallar Nature ta buga aikin wasu masana na Jami'ar Northwestern ta Amurka, cikinsu har da John Rogers: wata 'yar na'ura mai tsawon santimita biyu, da ake maƙalawa a jiki, mai ɗan ɗaki a ciki wanda ma'aunansa ba sa taɓa fata. Tana auna tururin ruwa, da iskar da muke fitarwa a numfashi, da sauran iskar da fata ke saki, ta aika sakamakon zuwa waya.

To, ga tambayar da ta shafe mu. Idan gobe aka zo da wannan abu ƙaramar hukuma irin Dutsi, aka ce a gwada ko a saya, mu yi maraba ko mu ce a dakata?

Masu cewa a kawo suna fara hujjarsu ne da mutanen da ke ɗauke da ƙwayar maleriya alhali ba su da zazzaɓi. Babba ne ko yaron da ya tasa, jikinsa ya saba, yana zuwa gona yana zuwa makaranta, ba abin da zai kai shi asibiti. A jinin irin waɗannan ƙwayar ke yin rani, idan ruwa ya sauka sauro ya ƙyanƙyashe, daga wurinsu yake ɗiba ya kai wa jarirai. Gwajin gaggawa na ɗigon jini da ake yi a asibitocinmu an tsara shi ne don mai zazzaɓi, kuma yakan kasa gano ƙwayar idan ta yi ƙaranci. Ga kuma wata sabuwar matsala: a wasu ƙasashe, kamar Eritiriya, an samu ƙwayar maleriyar da ta daina fitar da sinadarin da gwajin ke nema, har sai da ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi. Sai masu wannan ra'ayi su kawo binciken 2018 a yammacin Kenya, inda Consuelo De Moraes da abokan aikinta suka tattara iskar fatar 'yan firamare fiye da 400, suka iya ware masu ɗauke da ƙwayar ba tare da alamar ciwo ba, har da waɗanda madubin ɗakin gwaji bai gano ba. A shekarar dai aka sanar da wani gwajin na Gambiya ƙarƙashin Steve Lindsay na Jami'ar Durham. Yara suka kwana da safa a ƙafa, aka kai safunan Ingila, karnukan da aka horar suka gane kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ɗauke da ƙwayar, da kusan kashi 90 na marasa ita. Ba wanda zai shigo da kare makarantar allo ko ta boko a Dutsi ya ce ya shinshina yara, ba za a ma fara ba. Amma idan na'ura za ta yi abin da hancin kare ya yi, an samu hanyar duba aji guda ba allura, ba kukan yara, ba tsoron uwa a kan inda za a kai jinin ɗanta.

Hujjarsu ta biyu, wadda ni ta fi shiga raina, ita ce gyambo. Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon suga ya san yadda ɗan ƙaramin rauni a tafin ƙafa ke zama sanadin yanke ƙafa. Haka ƙunar wuta a jikin yaro lokacin hunturu, sa'ad da ake kwana da garwashi a ɗaki, haka ɗinkin matar da aka yi wa tiyatar haihuwa. A yau ma'aikacin lafiya sai ya kwance bandeji ya duba, kuma kafin ido ya ga ruwa ko hanci ya ji ɗoyi, ƙwayar ta riga ta yi nisa. Tsofaffin nas sun san akwai bakteriya irin Pseudomonas mai sa bandeji ya yi kore-kore da wani wari nata na daban, amma sai ta yi yawa ake jin ta. Idan ana son sanin takamaimai wace ce, sai a ɗebi ruwan gyambon a kai ɗakin gwaji a raine ta, a jira kwana biyu ko uku, kuma ba kowane asibiti ke da wannan ɗakin ba. Mutumin ƙauye yakan auna kuɗin mota zuwa Daura ko Katsina, da yinin da zai rasa, sai ya zarce kemis ya sayi kafso ja-da-rawaya ya buɗe ya barbaɗa. Wani lokaci ba a ma bukatar maganin, wani lokaci kuma ba shi ne ya dace ba, kuma ta haka ƙwayoyin cuta ke koyon bijire wa magani. Na'urar da za ta zauna a saman gyambo ba tare da ta fama shi ba, ta yi gargaɗi tun kafin ɗoyi ya fito, za ta gaya wa mutum ranar da tafiyar ta zama dole. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da ƙafarsa ce jarinsa.

Sukan ƙara da cewa yankin nan ba baƙon sabon abu ba ne. Maganin rigakafin maleriya na damina, wanda ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma a Jihar Katsina aka fara shi a Nijeriya daga 2013. Dutsi na cikin ƙananan hukumomin farko, tare da Baure, Mai'aduwa da Mashi. Abin da aka koya a nan shi aka faɗaɗa zuwa sauran jihohin Arewa. Don haka, in ji su, ba dalilin da zai sa a ce mu sai mun jira kowa ya gama.

Masu cewa a dakata ba su musanta ko ɗaya daga cikin binciken nan ba. Abin da suke cewa a lura da shi shi ne, aikin Kenya ba da 'yar na'urar hannu aka yi shi ba. Iskar aka tara, aka kai ta ga manyan injinan ɗakin bincike masu rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, masu tsada, masu bukatar ƙwararru da wuta tsayayya. Ma'aunin gas mai arha ba ya faɗin sunan bakteriya, bai ma san ta ba. Abin da yake gani kawai iska ta sauya. Bakteriya daban-daban na iya fitar da iska iri ɗaya, kuma jikin mutum da kansa yana fitar da wasu, gwargwadon abin da ya ci da halin da yake ciki.

A nan ne maganarsu ta fi ƙarfi, domin sun san fatar da ake magana a kanta. Mace a ƙasar Hausa tana turara jikinta da tufafinta da turaren wuta, tana shafa humra, tana ƙunshi da lalle, tana yini a gaban murhun itace ko kara. Ana shafa wa yaro man kaɗanya ko man shanu ko basilin. Namiji yana shafa turarensa ranar Juma'a, yana cin daddawa da tafarnuwa da albasa, wani yana yini cikin dabbobi, wani cikin hayaƙin babur da warin fetur. Musulmi yana wanke hannu da ƙafa sau da yawa a yini saboda alwala, kuma hannu da ƙafar nan su ne inda masu bincike suka fi ɗaukar samfur. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sakin tasa iskar, wasunsu ma suna sauya yawan bakteriyar kanta. Neman alamar cuta a cikin wannan haɗin kamar neman muryar mutum ɗaya ne a tsakiyar kasuwar Mai'aduwa ranar da ta cika. Sannan ga yanayi. Irin waɗannan ma'aunai an san su da jin laima da zafi, kuma karatunsu yana gocewa a hankali idan sun daɗe suna aiki, sai an riƙa daidaita su. Mu kuwa muna da hunturu mai bushewa da ƙura, da bazarar da zafi ke haura digiri 40, da damina mai laima. Na'urar da aka koyar a ɗaki mai sanyi a Amurka, a jikin mutanen can, ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne kawai. Ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar da ke jininsa an yi shekaru ana amfani da shi a duniya, sai a 2020 wani bincike na Jami'ar Michigan ya nuna cewa yakan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. An ƙera shi, an gwada shi a kan waɗanda ke kusa, aka sayar wa kowa. Idan haka ta faru da haske, wanda ya fi sauƙin aunawa, ina ga wari?

Hujja ta gaba ta kuɗi ce, kuma ba ta bukatar dogon bayani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2023 an samu kamuwa da maleriya miliyan 263 a duniya, mutum dubu 597 suka rasu, kuma Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwar da kusan kashi 30 cikin ɗari na mace-macen. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar a jinin kashi 22 cikin ɗari na ƙananan yara, a Kebbi har kashi 49. Inda abin ya kai haka, farautar masu ɗauke da ƙwayar a ɓoye ba ita ce gaba ba. Wannan aikin ƙasashen da suka kusa kawar da cutar ne. Mu abin da ke kashe yaranmu an san shi, maganinsa ma an san shi: gidan sauro, maganin damina a kan kari, gwaji da magani a asibitin kusa, jini ga yaron da jininsa ya ƙare, da allurar rigakafin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Duk nairar da aka karkata ga na'urar da ba ta gama nuna kanta ba, daga bakin waɗannan aka cire ta. Suna kuma tunatar da mu cewa ko abin da aka ƙera don mu ba lallai ya isa gare mu ba. Gwajin maleriya ta fitsari, wanda Dokta Eddy Agbo, ɗan Nijeriya, ya jagoranta, ya shiga kasuwa tun 2015, shi ma ba allura ba jini, amma har yau da ɗigon jini ake gwaji a asibitocin karkara.

Akwai kuma abin da ba a faye kawowa a takardun masana ba, wato mutunci. A al'adarmu ba ƙaramin cin fuska ba ne a ce wa mutum yana wari. Wanda ya san tarihin Babbar Ruga a Katsina, wadda ta fara a matsayin asibitin kutare kafin ta zama cibiyar gyaran mata masu yoyon fitsari, ya san cewa abin da ya fi raba matan nan da mazajensu da danginsu shi ne warin, fiye da ciwon kansa. Yanzu a ɗauka an shiga aji da na'ura, ta yi ƙara a kan yarinya ɗaya a gaban 'yan'uwanta. Ko me aka ce tana aunawa, sunan da za a laƙaba wa yarinyar daban ne, kuma yana iya bin ta har lokacin aurenta. Bayan haka, na'urar da ke aika sakamako waya tana tara bayanai a wani wuri. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, amma tsakanin doka a Abuja da takardar yarda da aka miƙa wa uwar da ba ta karanta Turanci akwai tazara. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. Gwaji ɗaya da aka yi ba bisa gaskiya ba yana iya rufe ƙofofin da masu raba maganin damina suka sha wuya kafin a buɗe musu.

Da na auna, sai na ga ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke jayayya ba. Masu cewa a dakata sun yi gaskiya a kan saye. Babu hujjar da za ta sa gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ta fitar da kuɗin lafiya ta sayi hancin lantarki a yau, kuma duk ɗan kwangilar da ya zo da shi yana cewa zai maye gurbin gwajin jini, a nemi ya nuna inda aka gwada shi a fatar mutanen Sahel, a wane wata, a kan mutum nawa. A batun maleriya musamman, ina tare da su ɗari bisa ɗari: lokacinsa bai yi ba a wurin da yaro ɗaya cikin biyar ke ɗauke da ƙwayar.

Inda na rabu da su shi ne a kan bincike. Hujjarsu mafi ƙarfi, cewa na'urar ba ta san fatarmu da yanayinmu ba, ita ce kuma dalilin da ya sa bai kamata mu naɗe hannu ba. Idan ba a koyar da ita a nan ba, za a gama ta a can, a kawo mana ita bayan shekaru yadda take, mu saya da kuskurenta, kamar yadda aka yi da abin auna iska na yatsa. Turaren wuta da lalle da ƙurar hunturu ba za su shiga lissafin kwamfutar ba sai in wani ya kai su, kuma ba wanda zai kai su sai wanda ya san da su.

Saboda haka abin da zan goyi baya shi ne ƙaramin bincike, da kuɗin bincike, wanda ba zai taɓa kasafin magani ba, kuma a fara da gyambo. Dalili kuwa, mai gyambo babba ne da zai iya cewa na yarda ko ban yarda ba, ya riga ya zo asibiti da ƙafarsa, ana duba shi a keɓe ba a gaban jama'a ba, kuma iskar da ke ƙarƙashin rufin gyambo ba ta cakuɗe da ta sauran jiki sosai ba. A riƙa haɗa karatun na'urar da sakamakon ɗakin gwaji, kada a yanke wa kowa hukuncin magani da ita tukuna. A yi shi shekara cur, domin ya ratsa hunturu da bazara da damina. Malaman nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su kasance masu jan ragamar, injiniyoyin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura su koyi buɗe ta da daidaita ta, don kada ta mutu ranar da baƙi suka tafi. Takardar yarda ta kasance da Hausa, a boko da ajami, a karanta wa wanda bai iya ba, a sanar da hakimi da limamai tun kafin a fara. A kuma rubuta a yarjejeniya cewa kwafin duk bayanan da aka tara zai zauna a Katsina, kuma idan na'urar ta yi nasara, asibitocin da aka gwada ta a cikinsu za su same ta a farashin da aka amince tun farko.